Injin tace ruwan ne ya ja hankalina

Na ga wani labari kan jiragen ruwan alfarma masu tafiya da iska, da attajirai ke tsallaka teku da su, kowa sai maganar tsada yake. Ni kuwa daga nan Maraɗi injin tace ruwan da ke cikin jiragen ne ya tsaya mini a rai. Famfo ke matsa ruwan gishiri da ƙarfi ta cikin abin tacewa, ya fito garau a sha, wani lokaci da wutar faifan sola. Mutum na tsakiyar tekun Atlantika yana wanka, mu da zafin bazara jarka muke bi!

Kuma jirgi irin na kamfanin Amel na Faransa ko na Oyster na Ingila ba kwalekwalen tafkin Madarunfa ba ne. Ana maƙala masa nauyin dalma ko ƙarfe a gindi, in iska ta kwantar da shi ya miƙe da kansa.

Duk Nuwamba ayarin jiragen ruwa masu tsallaka Atlantika da ake kira ARC kan tashi daga Las Palmas a tsibiran Canary na Sifen zuwa tsibirin Saint Lucia a yankin Caribbean, tafiyar mako biyu zuwa uku. Ko mai jirgin sai ya yi gadin dare, kuɗi ba su hana amai. Malam mai labari, ƙaro mana bayani kan kuɗin gyara don Allah.