Sharhi kan labarin Farfesa Ruth Okediji

Daga nan Agege na karanta wani labari da aka rubuta kan rayuwar Farfesa Ruth Okediji, masaniyar dokar haƙƙin mallaka, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a Jami'ar Jos ta fara karatun lauya kafin ta wuce Harvard, inda ta zama farfesa a 2017 bayan ta koyar a Oklahoma da Minnesota. Sai dai marubucin ya taƙaita a kan rawar da ta taka a yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta ba da damar mayar da littattafai zuwa rubutun makafi ko sauti ba tare da neman izinin mai haƙƙin mallaka ba. Ƙanina makaho ne, kuma na sha zama da daddare ina karanta masa littafin makaranta shafi bayan shafi har muryata ta dushe, don haka na san darajar wannan aiki. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta shigar da wannan tanadi, amma a ganina malaman lauya na Jami'ar Legas ya kamata su fito su wayar da kan iyaye a kansa.