Daren da idona ya cika da rairayi

Shekara goma sha biyar ina walda a Yamai, amma tabarau na jika guda ya kwantar da ni kwana biyu.

Wata Alhamis aka kawo mini gadon ƙarfe, ƙafa ɗaya ta karye. Gilashin garkuwar fuskata ya tsage, na aiki yaron shago kasuwar Katako ya sayo wani mai lambar duhu 11, shi ne daidai da irin aikinmu. Mai gado kuwa ya tsaya mini a ka, wai baƙi zai yi. Na ce ai ɗigo huɗu ne. Na ɗauko baƙin tabarau na rana, na maƙala mas, wato wayar da ake kama ƙarfen aiki da ita, a jikin gadon, na sa baget, wato sandar walda, mai kaurin milimita 2.5, na tsayar da inji a kan ampa 80. Ɗigo huɗu ya zama baget shida.

Na san karatun sarai, ni nake koya wa yara. A cikin wutar walda akwai hasken da ido ba ya gani, shi yake ƙona saman ƙwayar ido, kuma tabarau a buɗe yake ta gefe da ƙasa. Muguntarsa ita ce ba ya nuna kansa nan take, sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu. Na ci tuwona lafiya, har da ƙari.

Ƙarfe biyun dare na farka kamar an juye mini rairayin Tenere a ido. Buɗewa azaba, rufewa azaba, hawaye har kan matashi. Maiɗakina ta haska ni da tocila, na kurma ihu.

"Malam, wa ya rasu?"

Kafin asuba maƙwabta sun hallara. Wata ta yanko dankalin turawa ta jera mini a fuska, wani tsoho ya ce a ɗiga madarar gwangwani. Dankalin na karɓa, sanyi ne kawai. Madarar na ce a ajiye wa shayi.

Da safe likita ya duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe, babu. Ya ba ni maganin ɗigawa, ya ce kada in murza, in zauna a duhu da tsumma mai sanyi.

Ran Asabar ina buɗe shago sai ga mai gado. Ƙafar a karkace na liƙe ta, baƙon ya kwana yana gangarawa.