Wa ka bar wa matarka da ɗiyarka?

Ranar Asabar da la'asar ina tsaye kusa da shataletalen Ƙofar Ƙaura ina jiran abin hawa, sai ga ayarin 'yan biki. Samari ne a gaba kan babura, ɗaya ya ɗaga tayar gaba yana tafe kan ta baya, ba hular kwano, abokai na ihu suna ɗaukarsa a waya. Kafin ka ce kwabo ya zube a kwalta, babur ya danne masa ƙafa. Na san yaron, unguwarmu ɗaya. Ko wata biyu ba a yi ba da muka je sunan ɗiyarsa.

Washegari na je duba shi bayan an yi ɗori, kuma a nan raina ya ɓaci. Wani abokinsa ya ciro waya ya nuna mini bidiyon masu hawan tsaunin Everest, sun yi layi kan ƙanƙara kamar masu jiran mai. Ya ce, "Baba, ka ga maza. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, in kwana ya ƙare ko a gado kake sai ka tafi." Mai karayar yana gyaɗa kai, matarsa kuwa tana bayan labule da jaririya, tana jin komai.

To ƙannena, tunda su ne gwanayenku, bari in ba ku labarinsu. Everest na kan iyakar Nepal da Sin, tsayinsa mita 8,849. Edmund Hillary da Tenzing Norgay ne suka fara taka ƙololuwarsa a 1953, kuma mutum sama da 300 sun mutu a kansa. Daga mita 8,000 zuwa sama su kansu mahayan "yankin mutuwa" suke ce masa, don iskar da huhu ke samu ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na wadda ake shaƙa a bakin teku ba. Ƙwaƙwalwa takan rikice, yatsu su daskare har a yanke su. Gawarwaki da yawa suna can har yau, don sauko da su ma sayar da rai ne.

Me ke kai mai iyali irin wannan wuri? Suna cewa a can ne suke jin suna raye. Sun shafe shekaru suna horo, sai su ɗauka ƙwarewa za ta kare su, wanda ya mutu kuskure ya yi, su ba za su yi ba. Ga dukiyar da aka narka: takardar izini kaɗai dala 11,000 ce shekara da shekaru, kuma an ƙara. Wanda ya kashe wannan, ya hango ƙololuwa gabansa, juyawa takan yi masa nauyi. Ga suna, ga hoto, ga tafi.

A watan Mayun 1996 guguwa ta kashe mutum takwas a kan tsaunin. Cikinsu akwai Rob Hall, jagora ƙwararre, wanda ya san ƙa'idar cewa in lokaci ya ƙure a juyo ko ba a kai ba, amma ya tsaya don wanda yake jagoranta ya cika burinsa. Yana maƙale a sama aka haɗa shi ta waya da matarsa, tana da ciki wata bakwai, suka yi sallama. Ɗiyar ba ta taɓa ganin ubanta ba. Alison Hargreaves, 'yar Ingila, ta hau Everest a 1995 ba tukunyar iska, duniya ta yi ta tafi. Bayan wata uku ta mutu a tsaunin K2 na Pakistan, ta bar ɗa ɗan shekara 6 da ɗiya 'yar shekara 4. Ɗan ya girma ya bi sawunta, ya mutu a tsaunin Nanga Parbat a 2019 yana da shekara 30. Wannan ɓangaren ba ya cikin bidiyon da kuke kallo.

Waɗanda nake tausaya wa su ne 'yan dakon Nepal, yawancinsu 'yan ƙabilar Sherpa, masu ɗaura igiya da ɗaukar kayan baƙi. A Afrilun 2014 ƙanƙara ta rufto ta kashe 16 daga cikinsu a rana ɗaya. Su cefane da kuɗin makarantar yara suka kai su, kamar direban tirela ko mai haƙar rijiya. Kai fa? Ɗaga tayar nan ta kawo ko mudun gero gidanka?

Maganar "tsautsayi ba ya wuce ranarsa" ita ke ci mini rai, wallahi. Kun ɗauki gaskiya kun mai da ita mayafin ganganci. Wa ya musa ajali? Amma Wanda ya rubuta ajalin Shi ne ya ce, a Suratul Baƙara aya ta 195, kada ku jefa kanku cikin halaka da hannuwanku. Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. In ajali ne hujjarku, me ya sa kuke kulle babur ɗin da sarƙa da dare? Babur kun san a tsare shi, ran da mutum uku ko huɗu suka dogara da shi kuwa sai a bar wa tsautsayi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, sai dai a nan ba shi ke jin hohon ba. Yarinya 'yar shekara 19 ce za ta zauna takaba wata huɗu da kwana goma, tsoho ne da ya gama nasa reno zai koma neman abincin jika.

Su kuma masu ɗauka a waya, ranar ba wanda ya ajiye wayarsa ya ɗaga babur ɗin, sai wani dattijo mai sayar da lemo. Waɗannan abokan, da su da masu zuga ku cacar ƙwallo da shan maganin tari, ranar sadakar uku za su zo su karɓi addu'a, ba za ka sake ganin ƙeyarsu ba.

Ya kamata iyaye su tsawatar, malamai su yi magana, masu unguwanni su sa ido. Amma wa ke jin tsawa yanzu? Kirarinmu na Katsinawa shi ne kunya gare mu ba dai tsoro ba, kun riƙe rabin ƙarshe kun yar da na farko. Da muna yara, in saurayi ya yi aure har tafiyarsa canzawa take. Masu sukuwar hawan sallah ma ranarsu ɗaya, a filinsu, gaban manya. Magidanci ya ji kunyar surukinsa ya gan shi yana wasan banza a titi, kuma kowane dattijo a layi ubanka ne, ya tsare ka ya ja kunnenka, ka koma gida a ƙara maka.

Da zan fito, matar ta biyo ni zaure da jaririyar a kafaɗa, ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah ka ƙara yi masa magana, cewa yake da ya warke zai koma."