Ku zauna da Kotlin kafin ku fara zana allon waya

Ƙannena masu sha'awar haɗa manhajar waya, akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa a cikinku, kuma tana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro zai sauke Android Studio, wato manhajar kwamfuta da ake haɗa manhajojin Android da ita, yau, ya buɗe YouTube ya kwafe duk abin da mai bidiyo ya rubuta, da maɓalli ya fito a allo sai ya ɗauki hoto ya watsa a Facebook. Ka tambaye shi me ya sa aka sa kalmar private a gaban wani layi da ya kwafa, sai ya yi shiru. Mako na zagayowa ya ji ana yayin Flutter, wani kayan haɗa manhaja na daban, ya watsar da komai ya koma Dart, yaren da ake rubuta Flutter da shi.

Don Allah ku riƙe yaren rubuta manhaja ɗaya. Wayoyin da ke hannun mutanenmu, su Tecno da Infinix da itel, Android ne, shi ya sa nake ba ku shawarar Kotlin. Kamfanin JetBrains ya fitar da cikakkiyar sigarsa ta farko a 2016, Google ya karɓe shi a 2017, a 2019 kuma ya sa shi gaba da yaren Java wajen aikin Android. Swift na Apple yare ne mai kyau, amma Xcode, manhajar da ake haɗa manhajojin iPhone da ita, a kan kwamfutar Mac kaɗai yake aiki, ku duba aljihunku tukuna.

Abin da za ku fara sani shi ne kilas da objek. Kilas kamar mazubin bulo ne, objek kuma shi ne bulon da aka buga da shi: mazubi ɗaya, bulo dubu. A ce manhajar adashe kake so. Rubuta kilas mai suna Mamba, ka ba shi suna da jimillar zubi. Sunan ka sa shi val tunda ba zai canza ba, jimillar ka sa ta var tunda za ta riƙa canzawa. Sannan ka kulle jimillar da private, ka buɗe ƙofa ɗaya tak, wato aikin zuba(), wanda zai ƙi karɓar sifili ko abin da ya gaza shi. Idan ba ka kulle ba, kowane sashe na manhajar zai iya taɓa kuɗin mutane, ranar da lissafi ya rikice ba za ka san inda ɓarnar ta shigo ba. Kuɗin adashe amana ne, ko a cikin waya yake.

Gado, inda wani kilas ke gadar halayen wani, ku bar shi sai wannan ya zauna muku. Amma null, wato gurbin da babu komai a cikinsa, kada ku tsallake shi, domin shi ke yawan kashe manhaja a hannun mai amfani da ita, kuma alamar tambaya da Kotlin ke sa ku rubuta a bayan String, wato nau'in rubutu, don wannan aka yi ta.

Rashin babbar kwamfuta ba uzuri ba ne a wannan mataki. Android Studio yana son RAM aƙalla 8GB, amma Kotlin Playground, shafin gwada rubuta Kotlin, yana buɗewa a burauza. Ku rubuta Mamba a can da hannunku, ku ƙirƙiri mutum biyar, kowa ya yi zubi, sannan ku gwada zuba -500 ku ga ko zai karɓa.