Manomin Argungu ma a tuna da shi

Na karanta labarin nan da ke cewa shigo da hatsi daga waje ne ya sauko da farashi. Ni ma na ji daɗin saukin a kasuwa, amma a Argungu nake noman rani, na san abin da ya biyo baya. Tun da aka janye harajin shigo da shinkafa, masara da alkama na kwana 150 a 2024, buhun shanshera ya faɗi warwas, taki da man injin ban-ruwa kuwa suna sama tun cire tallafin man fetur a 2023. Wallahi maƙwabtana da dama bana sun bar fadamarsu haka nan.

A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Anchor Borrowers a 2015, aka rufe iyakoki a 2019, yau kuma an buɗe ƙofa. Manomi zai shuka a kan wace magana? Ya kamata gwamnati ta tsayar da farashin da za ta riƙa sayen amfanin gona lokacin kaka, ta ba mu famfon sola a kan bashi mai sauƙi, sannan ta tsare hanyar gona, musamman wajen 'yan'uwanmu na Zamfara.