Jirgin lantarki ne, amma kwal yake ci

Tun da Indiya ta fara shelar cewa ta kusa gama sa wa layukan dogonta wayar lantarki, sama da kashi 95 cikin 100 na manyan layukan, ake ta tafi ana cewa jirgin ƙasa ya rabu da hayaƙi, wai sauran ƙasashe su zo su ɗauki darasi. Wallahi tafin nan ne ke ba ni haushi. Aiki dai an yi babba, wannan ba gardama, amma wutar da ke bin wayar daga ina take zuwa? Wajen kashi 70 cikin 100 na wutar Indiya daga kwal ake samunta, kuma kayan da jiragen ƙasar suka fi yin dakonsa shi ne kwal ɗin kansa, wato jirgi ya jawo taragu maƙil da kwal daga mahaƙa zuwa tashar wuta, a ƙona, a maido masa da wutar ya koma ya jawo wani. An dai ɗauke hayaƙin daga kan injin an kai shi can inda fasinja ba ya gani. Sin ma haka, duk jiragenta masu gudun tsiyar nan, fiye da rabin wutar ƙasar kwal ne.

In ana neman wanda ya cancanci tafi to Suwizalan ce, kusan duk layukanta na lantarki ne kuma mafi yawan wutar daga madatsun ruwa, su ma ba son muhalli ya kai su ba, ƙarancin kwal lokacin yaƙin duniya na ɗaya ne ya koya musu hankali.

Sannan a daina yi wa jirgin dizal kallon shaiɗan don Allah. Amurka layukanta masu waya ba su kai ko kashi 1 cikin 100 ba, dizal ne ke jan kaya, amma jirgi ɗaya yana kwashe lodin tireloli sama da ɗari, ƙarfe kan ƙarfe, da man da bai kai nasu ba ko kusa. Hukumar makamashi ta duniya IEA ta ce jiragen ƙasa na ɗaukar wajen kashi 8 na fasinjojin duniya da kashi 7 na kaya, amma kashi 2 kacal na makamashin sufuri suke ci. To ƙasar da ba ta da wuta tsayayya a ce mata ta jira waya, kayanta su ci gaba da bin kwalta a tirela, wace irin shawara ce wannan?

Masu tallar jirgin da ke aiki da iskar haidurojin a maimakon dizal kuwa su je Jamus su tambaya, jihar Lower Saxony da ta ƙaddamar da su a 2022, shekara ɗaya tsakani ta ce a sauran layukanta jirage masu batir za ta sayo don sun fi araha.

Ni dai duk ministan da zai zo yana ƙirga mana kilomitocin waya, ya fara faɗa mana tan nawa na kwal aka ƙona kafin jirginsa ya motsa, da kuma tireloli nawa ya sauke daga hanya.