Ni goyon kaka ne, kuma ba na musu

Jiya a wurin aiki wani yaro ya yi rashin kunya, sai na ji wani abokin aikinmu ya ce, "Ƙyale shi, da gani goyon kaka ne." Kowa ya yi dariya, ni ma na murmusa, amma maganar ta tsaya mini a rai har na dawo gida. Bana shekara shida ke nan da rasuwar Iya, kakata ta wajen uwa, matar da aka kai ni ɗakinta yaye ban dawo ba sai da na shiga sakandare. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta.

Ni ɗan fari ne. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe na da ya san abin da wannan ke nufi. Mahaifiyata ba ta taɓa kama sunana ba. Idan za ta aike ni sai ta ce "kai yaro", idan baƙi sun tambaye ni sai ta sunkuyar da kai ta ce yana nan. Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce, na gane haka da na girma. To amma yaro ɗan shekara biyar ina ya san alkunya? Shi dai yana neman wanda zai ja shi jiki a gaban mutane. Su mutanen da sun san da wannan giɓin, shi ya sa suka bar wa kaka ƙofa a buɗe. A gidan da kowa ke jin nauyin kowa, tsakanin kaka da jika an yarda a yi wasa. Iya "maigida" take ce mini. Ƙanwata kuwa kishiya ce, kullum suna cikin rigimar wa ya fi iya tuwo.

Sana'arta daddawa. Har yau idan na ji warin kalwa ana dafawa, sai in ga kaina a tsakar gidan nan. Tun la'asar take ɗora tukunya, ta kwana tana iza wuta, da safe a surfa a wanke a fitar da ɓawon, a sake dafawa, sannan ta zuba a kwando ta rufe ruf ta ajiye a lungun ɗaki har kwana uku. Ranar buɗewa duk unguwa sai ta sani. Ni ke zama gadin shanya ina korar kaji. Da Maggi ya cika gari ba ta yi faɗa da kowa ba, ta dai ce miyar da ba daddawa ruwan zafi ce mai launi.

Ba ta yi boko ba, kuma ba ta san shekarunta da lamba ba. Lissafinta na abubuwan da suka faru ne. Ta haifi wane shekarar da aka kashe Sardauna, wance kuma bayan canjin hannu, ta sayi akuyarta ta farko ana cikin babban fari. Sai da na je makaranta na gane 1966 take nufi, da 1972 lokacin da motoci suka koma bin dama, da kuma farin 1973. Naira ta shigo a farkon 1973, amma Iya ta shafe shekaru tana ciniki da fam da sule. Ka ce mata naira biyu ta ce fam guda, ka ce kwabo goma ta ce sule. Ba a taɓa cutarta da ko sisi ba.

Yanzu ga inda nake jayayya da masu cewa kaka ba ta tarbiyya. Gaskiya ne Iya ba ta taɓa duka na ba. Gaskiya ne tana ɓoye mini ƙanzo da tsokar nama, kuma idan kawu ya ɗauko tsumagiya bayanta nake ɓuya. Amma wata rana, ina aji uku, na kwance ƙullin bakin zanenta tana barcin rana na zari kuɗin ciniki na sayi alewa. Ba ta gaya wa kowa ba. Da daddare na shimfiɗa tabarma ina jiran "ga ta nan ga ta nanku", sai ta kira ni da sunana na yanka, sunan da ban taɓa ji a bakinta ba, ta ce in kashe fitila in kwanta. Kwana uku babu maigida, babu Gizo babu Ƙoƙi. Abinci tana ba ni, ruwan wanka tana ɗumama mini, wasan ne kawai ta janye. A rana ta huɗu na durƙusa na faɗi gaskiya ina kuka. Ta ce, "To maigida, namijin da ke satar na matarsa, da me zai riƙe ta?" Na sha bulala a makarantar allo da ta boko, ban iya tuna laifin ko ɗaya ba, amma waɗannan kwanaki uku suna nan daram.

Na sani akwai kakannin da ke hana a tsawata wa jika ko da ya ƙona gida. Akwai su. Sai dai ina ganin yaran da suka lalace a hannun iyayensu na cikinsu ma ba su da iyaka, kuma ba wanda ya ƙirƙiro musu suna. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke yi yanzu a birni. Mu ɗauko tsohuwa daga ƙauye mu ajiye a ɗakin baya da talabijin, yara su leƙa su gaishe ta a tsaye su koma kan waya. Ta ba jika goron da ta tauna ko ta shafa masa man shanu, uwar ta ɓata rai. Ranar da ta rasu kuma mu cika Facebook da hotonta.

Da aka haifa mini 'ya mace sunan Iya na sa mata. Da lokacin yaye ya yi, matata ta ɗan yi jim, amma muka kai ta wurin mahaifiyata. Bayan sati biyu na je dubo su. Tun daga zaure nake jin muryar matar nan da ba ta taɓa kama sunana ba, tana ƙyaƙyata dariya tana cewa, "Ummina, sauko mini daga kan turmin nan kafin ki ja mini magana."